Farin Ƙyallen Da Na Ce Ban Gani Ba

Da sunan Allah nake farawa. Ni ban san ko alif ba. Malamin da ke rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwar Gashuwa shi ke rubuta wannan, na kuma roƙe shi kada ya gyara mini magana, kada ya sa sunana. Wanda ya san ni ya san ni. Kwana goma sha biyu ke nan da na fita takabar maigidana, Allah ya jiƙansa. In kuka ga magana ta yanke, kuka ne ya ci ƙarfina. Amma ba kukan rashi kaɗai ba ne. Akwai wani kaya da na ɗauka shekara goma sha takwas, a makon jiya Allah ya sauke mini shi. Labarin kayan nan zan ba ku, ku yara masu tasowa da ke bin hanya, ko da jaki, ko da keke, ko da motocin nan da suka fara yawa.

A bakin kogi aka haife ni. Ubana masunci ne, wanda na aura ma masunci ne. A gida ni mace ce mai sanyi. Ku tambayi tsofaffin unguwarmu, ba wadda za ta ce mun taɓa sa-in-sa da ita a kan tsintsiya ko turmi. Kajina a tafin hannuna suke cin tsaba. 'Ya'ya biyu muka haifa, duka suka koma tun suna goye, don haka ba abin da ya ɗaure ni a ɗaki.

Da jirgin ƙasa ya iso Nguru sai kifi ya yi daraja. Maigidana ya sayi jakuna uku, muna banda kifi mu zuba a kwanduna, mu yi tafiyar kwana biyu mu kai wa dillalai kafin ranar tashin jirgi. In ka makara, sai ka zauna da kifinka mako guda ƙwari suna ci. Saboda haka kowa a hanyar nan sauri yake yi. Ni nake gaba da sanda, shi yana baya, don shi mutum ne mai tsayawa gaisuwa.

A hanyar nan na gano wata mace a cikina wadda ban san da ita ba. Da zarar wani ya tare mini gaba, sai in ji zafi ya taso daga tafin ƙafata, ya hau har wuya. Kunnena ya yi ƙara, bakina ya yi ɗaci, sandar da ke hannuna ta yi nauyi kamar tana roƙon a sauke ta a kan wani abu.

Da baki na fara. Wani makiyayi ne yana ƙetare hanya da shanunsa, ya yi ta jan jiki, na wanke shi tas da zagi. Fataken da muke tare suka yi ta dariya. Wani ya ce, "Kai, wannan ba mace ba ce, guguwa ce!" Sunan ya bi ni. Na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Bayan wannan na tsula wa jakin wani dattijo sanda don ya tsaya cin ciyawa a gabana. Wata rana kuma a mashigin kwalekwale na ture wata mai nono, ƙwaryarta ta kife a laka. Ba wanda ya ce mini kul. Sai dai a ce, "Ga Guguwa nan, a ba ta hanya." Ni kuwa na ɗauka girma ne.

Abin mamaki, da mun sauke kaya sai ya wuce kamar an zare ƙaya. In dafa abinci, in yi raha, in manta. Maigidana ne ba ya mantawa. Ya ce, "Baiwar Allah, wannan abu naki ciwo ne. Mai lafiya ba ya zama mutum biyu." Yayarsa kuwa, wadda muke kira Iya Babba, ta ce, "Ciwon me? Rashin mai kwaɓa ne. Ciwon da ba ya tashi sai an ga na ƙasa da kai?" Ya kai ni wurin malami aka yi mini rubutu. Na sha, na goge baki, na ɗauki sandata.

Yanzu sai in gaya muku yadda hanyar take, don ku gane laifina. Idan ruwa ya sauko bayan damina, fadama takan cika ta haɗiye hanya. Sai wani tudu siriri ya rage, faɗinsa jaki ɗaya da kayansa, hagu ruwa dama ruwa. Fatake suna ce masa Igiya. Wurin yana da ƙa'idarsa da kowa ya sani. Wanda ya fara hawa shi ke da hanya. Mara kaya ya jira mai kaya. Amma wanda ya ɗauko majinyaci yakan ɗaura farin ƙyalle a ƙahon sansa ko a kan sanda, shi kuwa ya fi kowa. Ko kana tsakiya ka hango farin ƙyalle, sai ka ja dabbarka cikin ruwa ka tsaya har ya wuce. Ruwan bai wuce ƙugu ba, ba ya cin mutum. Sai dai yana jiƙa kaya, kifin banda kuwa in ya jiƙe ya tashi daga aiki.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, jirgi kuma washegari zai tashi. Mun wuce rabin Igiya sai ga takarkari, san ɗaukar kaya, tafe daga ɓangaren Nguru. Wani mutum yana jansa, mace tana kwance a bisa tabarma a bayansa, ƙafarta ɗaure da karare. Daga baya na ji sunanta Fanna, mijinta Bukar. Ta faɗi ne a bakin rijiya ta karye, za a kai ta wurin wani maɗori a wani ƙauye kusa da mu. A ƙahon san na dama akwai farin ƙyalle.

Malam, rubuta wannan da kyau. Na gan shi. Har bakinsa da ya zare na gani, iska tana kaɗa shi. Matar ta ɗago kai muka haɗa ido. Zafin nan ya taso mini, gaskiya ne, amma tsakanin tasowarsa da ɗaga hannuna akwai ɗan lokaci kamar na jan numfashi ɗaya. A cikinsa na tuna da ƙa'ida, na tuna da kifina, na zaɓi kifina.

Na ce, "Ni na fara hawa! Kauce!"

Mutumin ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu, sannu, yaya, a yi haƙuri."

Maigidana daga baya ya ce, "Baiwar Allah, dakata!"

Na zabga wa san sanda a hanci. Ya yi tsalle ya juya, matar ta zamo ta faɗi a gefen tudun, a kan ƙafar nan. Ƙarar da ta yi, har yau in na ji an yanka akuya sai in toshe kunne. Ƙashin da ya karye wuri ɗaya ya koma uku, har ya huda fata. Maɗori ya yi iya yinsa. Ƙafar ba ta sake taka ƙasa daidai ba.

Dogarai suka kai ni gaban alƙali a Nguru. Ya tambaye ni, "Kin ga farin ƙyalle?" Na san in na ce na gani, hukuncina zai yi nauyi, kuma ba bafataken da zai sake amsa sallamata. Sai na ce, "Allah ya gafarta malam, ban gani ba. In abin ya taso mini, idona rufewa yake yi."

Fanna tana kwance a kan tabarma a bakin zaure, an kawo ta shaida. Ta ce, "Ta gan ni." Muryarta ba ta fita sosai, ba wanda ya bi ta kanta.

Maigidana ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta malam, matar nan ciwo gare ta. A gida ko kaza ba ta kora. Hanya ce ke tayar mata da shi."

Alƙalin tsoho ne mai magana a hankali. Ya dube ni ya ce, "Buzaye suna bin hanyar nan da raƙumansu, ko?" Na ce suna bi. Ya ce, "Suna tare miki gaba?" Na ce sau da yawa. Ya ce, "Raƙumin Buzu nawa kika taɓa duka?" Na ce ko ɗaya. Ya ce, "To, ashe ciwon naki ya san mai takobi. Mahaukaci na gaske ba ya zaɓe." Mutane suka yi dariya, wannan karon ba irin dariyar da na saba ji ba. Duk da haka ya ce tunda ba shaidar da ta shiga idona, ba zai ce na gani ba. Ya ɗaure ni shekara biyu. Aka sayar da jakuna biyu aka ba su Bukar.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Daka ne tun safe har hannu ya fashe, da ɗiban ruwa, da ƙudan cizo. Abu ɗaya kawai nake so ku sani. Matar da ke tsaronmu takan ture ni a ƙofa, ta taka mini ƙafa, ta sha gabana a layin abinci. Zafin nan yakan taso, daidai yadda yake tasowa a hanya. Amma ko sau ɗaya hannuna bai ɗagu ba. Sai in haɗiye, in ji yana sauka da kansa kamar tafasar da aka janye wa itace. A nan na gane cewa maganar Iya Babba da ta alƙali tana da ƙamshin gaskiya. Na kuma gane ashe abin yana wucewa in an ƙyale shi. Shekara da shekaru ban taɓa jira na gani ba.

Maigidana kuwa duk wata sai ya zo, a ƙasa, da ɗan ƙunshin kifi da gari. Bai taɓa ce mini "ba na gaya miki ba". Sai dai ya ce, "Yaya jikin?" kamar mai duba majinyaci. Kalmar nan ta fi bulala zafi, don na san a kan ƙaryata yake tsaye.

Da aka sake ni ban ƙara bin hanya ba, ban kuma ƙara riƙe sanda ba, ko ta korar awaki. Na zauna gida ina banda, shi yana kaiwa da jakin da ya rage. Duk tafiya sai ya ware kifi mai kyau ya kai gidan Bukar. Da farko suka mayar masa, daga baya suka karɓa. Bukar ya rasu, bai daina kaiwa ba. Yakan ce mini, "Ki zo mu je ki gaishe ta." In ce ƙafata, in ce kaina. Yaya zan dubi matar da na ƙaryata tana kwance? Na yi salla, na yi azumi, na yi sadaka, amma na sani hakkin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Kullum in na kwanta farin ƙyallen nan yana kaɗawa a idona.

Bara da kaka ciwon ƙirji ya kwantar da maigidana. Ranar da zai cika, da hantsi, ina ba shi kunu yana kawar da kai, na ga alamar tafiya ce. Na ce a raina, in mutumin nan ya tafi yana ɗaukata mara laifi, na cuce shi sau biyu. Na ce, "Maigida, akwai maganar da na ɓoye maka. Ranar nan a Igiya, na ga ƙyallen."

Ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Baiwar Allah, ina bayanki da jaki uku a tsakaninmu, ni ma na gan shi. Ke da ke gaba?"

Na ce, "To don me ka ce ciwo ne? Don me ka yi ta faɗa shekara da shekaru?"

Ya ce, "Ai ciwon ne. Ban ce ba ki da laifi ba. Mai laifi ana gudunsa, majinyaci kuwa ana zama da shi har ya warke. Ni zama na zaɓa." Ya huta, sannan ya ce, "Saura magani ɗaya ba ki sha ba. Yana Nguru."

Malam, dakata kaɗan.

To. Ci gaba.

Da na fita takaba sai na shiga mota, karo na farko a rayuwata, ina zaune a bisa buhunan gero. An ɗaga hanya yanzu, Igiya ta zama labari. Muna cikin tafiya sai ga wani mai amalanken shanu a gabanmu, ya kasa kaucewa saboda yashi. Direban, saurayi ne da bai wuce ɗan cikina ba, ya yi ta danna ƙahon mota, ya leƙo yana zagi, daga nan ya tsaya ya diro da ƙarfe a hannu. Na ga wuyansa, na ga yadda jijiya ta tashi. Na san abin da yake ji a bakinsa. Na ɗaga murya na ce, "Ɗana! Don Allah zo ka taimake ni da ruwa, ƙishi zai kashe ni." Ya tsaya, ya dubi mai shanu, ya dube ni, kunyar tsufa ta kama shi. Kafin ya kwance salkar ruwa ya zuba mini, mai amalanke ya fita daga yashi. Ya ce, "Iya, kin ceci mutumin nan." Na ce, "Ba shi na ceta ba."

Na sami Fanna a ƙofar gidanta bayan tasha, tana saƙar faifai, ƙafar nan a miƙe, ta ƙanƙance kamar ta yarinya. Ta tsufa, na tsufa. Na yi sallama na durƙusa. Ta ƙura mini ido ta ce, "Lale. Wa nake gani kamar Guguwa? Ina iskar taki, na ga ko ganye ba ki ɗauko ba?"

Na kasa dariya. Ta yi mini ta'aziyya, ta ce mutumin kirki ya tafi, ta ce tun da ya kwanta miyarta ba ta ƙara daɗi ba. Sai na ce, "Ya Fanna, ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. Na zo in gaya miki na ga ƙyallen. Na gan ki. Da sanina na doki san, ƙarya na yi a gaban alƙali."

Ta ajiye faifan. Jirgi ya yi kuka daga tasha. Sannan ta ce, "Sake faɗa."

Na sake faɗa.

Ta kira maƙwabciyarta ta katanga, wata dattijuwa, ta ce, "Zo ki ji. Faɗa mata." Na faɗa a karo na uku. Sai hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Kin san abin da ya fi ƙafar nan ciwo? Har Bukar, Allah ya jiƙansa, ya mutu yana ce mini, wataƙila dai ba ta gani ba, ke zafin ciwo ne ya sa kika ga kamar kun haɗa ido. Har na fara shakkar idona. Ƙafa kam na yafe tuntuni, kifin mijinki ya biya ta. Wannan kalmar nake jira. Na ce ba zan mutu ba sai na ji ta."

Na ce, "Ki yafe mini don Allah."

Ta ce, "Na yafe, duniya da lahira. Tashi haka nan, gwiwar tsohuwa ba ta son ƙasa. Miƙo mini sandata can, mu shiga ciki ki ci tuwo."

Sandar tana jingine da bango. Shekara goma sha takwas rabona da taɓa sanda. Na ɗauka, na miƙa mata. Ta karɓa ta ce, "Ka ga yadda ake miƙa sanda! Da haka kika yi tun farko, da yanzu da ƙafata zan raka ki tasha." Muka yi dariya, muka yi kuka, maƙwabciyar tana ce mana tsofaffin banza. Da muka zo ƙofar ɗaki, ƙofar ƙarama ce, mutum ɗaya take ci. Na ja baya. Ta wuce.

Kwana biyu na yi a wurinta. Tun daga ranar barci nake yi kamar jaririya. Abincin ma ya dawo da ɗanɗanonsa. Abin da ya rage mini kawai shi ne wanda zan ba labarin ya riga ya tafi, amma ina sa rai ya sani.

Yanzu mutane suna tambayata, fushin hanya ciwo ne ko hali? Ni ba malama ba ce, abin da na ɗanɗana kawai zan faɗa. Yana zuwa kamar ciwo, ba ka gayyace shi ba, jikinka ma yana shaida. Wanda yake da shi a tausaya masa, a nema masa magani, kada a yi masa kirari kamar yadda aka yi mini, don kirarin nan shi ya ciyar da nawa har ya girma. Amma kada mai shi ya ce idonsa rufewa yake. Ba ya rufewa. Akwai numfashi ɗaya da kake ganin komai sarai, kuma a kan numfashin nan za a tambaye ka.

Saboda haka, 'ya'yana, ku yi sammako don kada sauri ya hau kanku. Kada ku riƙe abin duka a hannu kuna tafe. In zafin ya taso ku yi a'uziyya, ku zauna, ku sha ruwa, ku jira shi, zai sauka. Ku kuma tambayi kanku tambayar alƙalin nan, da mai takobi ne a gabana, zan yi? In kuwa kun riga kun yi ɓarna, kada ku jira shekara goma sha takwas kamar ni. Ban san abin da ya sa Allah ya bar mini Fanna da rai ba, ba kowa ake yi wa wannan jinkirin ba.

Kifin da na ƙi jiƙawa a ranar nan, kwando shida ne. A ƙofar alƙali ya ruɓe, karnuka suka cinye.

Malam, ajiye alƙalami haka nan. Allah ya jiƙan maigidana, ya ba Fanna lafiya, ya sa ku sauka lafiya duk inda kuka nufa.